Haƙorin Kada a Lambun Bakin Kogi

Mu mutanen bakin kogi ne, a wani ɗan ƙauye tsakanin Auyo da birnin Haɗeja. Da damina fadama ta ruwa ce, mu sai mu hau tudu mu yi gero da dawa. In ruwa ya janye, sanyi ya shigo, sai mu gangaro mu kafa jigo a gaɓa, mu ja fangalin ban-ruwa, mu zuba alkama da albasa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, don haka a gandun ƙanensa na tashi, wanda nake kira Baffa. Shi ya yi mini aure, shi ke buɗe rumbu, shi ke faɗin inda fartanya za ta nufa kowace safiya. Amma lambun bakin kogin, mahaifina ne ya sare shi da hannunsa, tun lokacin da dorina ke fitowa kiwo a wurin. Ban riƙe fuskarsa sosai ba. Lambun na sani.

Sama da mu, ta inda ruwa ke gangarowa, akwai lambun wani tsohon falke. Ƙuruciyarsa duk a hanyar Gwanja ta ƙare, yana bin ayarin goro, da gwiwa ta gaza ya dawo gida ya zauna. Mutum ne mai daɗin hira, mai kyauta kuma, ba zan rage masa komai ba don abin da ya shiga tsakaninmu. Shi ya kawo tsiron da ya zame mana masifa, bai kuma taɓa ɓoyewa ba, alfahari ma yake yi. Ya ce a wani zango can kudu ya ga masu magani suna ɗiga ruwan ganyen a kan ƙazwa da gyambo, shi ne ya ƙullo 'ya'yan a bakin rawaninsa. Da ya zauna gida sai ya watsa su a gefen lambunsa, don ya lura ko akuya ba ta kai wa ganyen baki. Ga magani, ga shinge a banza.

Farkon fitowarsa har kallo ake zuwa, don ba mu taɓa ganin irinsa ba. Tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Ganyen toka-toka ne, da fararen jijiyoyi kamar an ɗiga nono ya bi su, bakin ganyen kuma ƙaya ce a jere. Shi ya sa masunta suka laƙaba masa haƙorin kada, sunan kuwa ya bi shi. Furen ruwan ɗorawa ne, mai laushi, yana buɗewa da hantsi kamar ɗan ƙoƙo. In ka karya reshe sai wani ruwa mai kauri ya tsattsafo, launin kwanduwar ƙwai. A tsakiyar rani, komai ya bushe ya yi fari, shi kaɗai ke tsaye da adonsa. 'Yan mata har tsinka suke yi su soka a kitso, ƙaya ta soke su, su yi ta dariya.

Abin da babu wanda ya kula da shi shi ne kwanson. In fure ya zube sai ya bar wani ɗan kwanso mai ƙaya, in ya bushe ya buɗe baki ta sama. Cikinsa cike yake da 'ya'ya baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gero ba. Iska ta kaɗa, su zube. Damina ta zo, kogi ya cika ya shafe lambunan duka kamar yadda ya saba, ya kwashe su ya sauke mana. Lambunmu a lanƙwasar kogi yake, inda ruwa ke lafawa ya ajiye abin da ya ɗauko. Wannan lafawar ce ta sa ƙasarmu ta fi ta kowa kyau, ita ce kuma ta jawo mana.

Shekarar farko jefi-jefi muka gan shi a fangali, muka cire kamar kowace ciyawa. Shekarar da ta biyo sai ya tashi tare da alkama, kafaɗa da kafaɗa, har ya fi ta. Da girbi ya zo, kowace damƙa sai ƙaya ta cika maka tafi. Muka daure muka yanka, muka sussuka, muka sheƙe. Na ɗora wa jaki na nufi birni, wajen wata dattijuwa mai yin alkaki da taliya, wadda take karɓar alkamarmu tun mahaifina na da rai.

Ta zuba kaɗan a faifai ta baza da yatsa. Ta ce, "Ɗan nan, wannan baƙi-baƙin fa?"

Na ce, "Tsakuwa ce ƙila, Inna."

Ta tsinci ɗaya ta tauna, ta tofar. "Tsakuwa ba ta da mai, ba ta da ɗaci. Ban ƙi ku ba, amma ba zan ɓata hannuna ba. Mayar da kayanka."

Na juyo da jakina yadda na je. Tunda ba ta sayu ba, sai muka ci abinmu. Matata ta riƙa niƙawa tana yi mana tuwo, muna jin ɗan ɗaci muna haɗiyewa. Kaji ne suka fara nuna mana. Waɗanda ke tsattsagar wurin sussuka suka riƙa layi, tukkunsu ya yi baƙi, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba ƙafafun matata suka kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Numfashi ma da ƙyar in ta ɗauko tulu. Na ɗebi baƙaƙen 'ya'yan nan zalla na tauna, zuciyata ta tashi har na yi amai a bayan danga. Daga ranar na hana a ƙara taɓa alkamar. Allah ya taimake mu, kumburin ya riƙa saɓewa a hankali, amma sai da damina ta yi nisa kafin ta koma yadda take.

Da ruwa ya sake janyewa, ina gyaran gugan jigo a zaure bayan la'asar, Baffa ya ce, "Ajiye wannan. Bana ba za mu sauka lambu ba."

Na ce, "Baffa, saboda me?"

"Saboda abin da idonka ya gani. Ƙasar ta ɓaci. Za mu yi su a kogi, mu yanki shuci, mu jira damina. Allah bai ɗaure arzikinmu a wannan gaɓa ba."

"Ƙasar ba ta ɓaci ba, Baffa. Ciyawa ce ta shige ta."

Ya dube ni. Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da na yi wayo. Ya ce, "To kai ne za ka fitar da ita?"

"Ni ne."

"Da wane hannu? Hannunka na gandu ne."

Na ce, "Safiyata taka ce, ban musa ba. Yammata fa?"

Can ya ce, "Yammarka taka ce. In ka ga dama ka zuba ta a kogi. Amma kada ka zo mini neman iri, kada kuma ka ce in ba ka mutum."

Iri sai wajen surukina na samo. Na kafa jigo ni kaɗai, abin da mutum biyu ke yi.

Wannan shekarar haƙorin kada ya wahalar da ni, don ban san halinsa ba tukuna. Na bar shi ya girma don in sami abin kamawa, sannan na bi shi da lauje, na tara a gefe ya bushe in ƙona. Ashe ko an yanke shi, kwanson yana ƙarasa nuna a cikin tarin. Ranar da na zo ɗagawa sai na ji shaa, 'ya'ya suna zuba kamar ana aune. Inda na yanke kuma kututturen ya sake tofo, reshe ya fi na da yawa. Na tsaya ina kallon wurin, hannuwana duk jini da ruwan ɗorawa. Wani mai kwalekwale da ke wucewa ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da noman fure!" Na tsuguna na kankare saman ƙasar wurin da tafin hannu, na zuba a rami, na tula kara na cinna wuta.

Daga nan na daina kallonsa daga tsaye. Na koma tsugune, ina bin fangali kamar mai neman allura, har na san shi tun yana jariri. Yakan fito da 'yan ganye biyu sirara, ka rantse ciyawa ce. Na ukun ne ke tona masa asiri, don da farar jijiyarsa yake fitowa, da ɗan haƙori a baki. Akwai wani ganyen miya da mata ke tsinka a fadama mai kama da shi yana ƙarami, har matata ta ce kada in ƙarar mata da shi. Sai muka gane bambancin: ka tsinke da farce, in ruwan fari ne, na miya ne, in ruwan ɗorawa ne, abokin gaba ne. Na gane kuma saiwarsa ɗaya ce, doguwa, tana nutsawa ƙasa. In yana ƙarami, ƙasa da laima, da yatsa biyu za ka zare shi duka. In ya girma sai ka sa fartanya ƙasa da wuyansa, in ba haka ba ya dawo. Na yanka tsohuwar salka na ɗinka wa hannuwana riga saboda ƙaya. Duk wanda ya riga ya yi fure, a ranar nake ƙona shi, ɗanye, a kan wutar kara. Ban ƙara ajiye shi ya kwana ba.

Dabarar da ta fi kowacce kuwa daga matata ta fito. Tana kawo mini fura da yamma ta lura duk inda ruwa ya fantsama a gindin jigo, nan haƙorin kada yake rigan tsirowa, tun ba a shuka komai ba.

Ta ce, "Maigida, ashe ruwa yake jira, ba alkama ba. Me zai hana ka ba shi ruwan ya fito ya gama, sannan ka shuka?"

Na ce, "In ja guga in shayar da fangali babu iri?"

"Ai yanzu ma shi kake shayarwa."

Shekarar da ta biyo haka na yi. Kowa ya zuba alkamarsa, ni na cika fangali da ruwa babu ko ƙwaya. Bayan 'yan kwanaki ƙasar ta rufe da shi, toka-toka kamar an shimfiɗa tabarma. Na bi da fartanya na kashe, rana ta ƙarasa. Na sake ba da ruwa, ragowar suka fito, na sake kashewa. Sannan na shuka. Wanda bai taɓa jan jigo ba ba zai san abin da wannan ke nufi ba: ka sunkuya, ka cika guga, ka ɗaga, ka juye, tun la'asar sakaliya har rana ta faɗi, bayan ka yini a gandu, kuma duk don ciyawa ta sha. Gari ya ɗauka. Aka ce ƙayar ta taɓa mini kai. A masallaci wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in ji tsoron Allah in bi maganar Baffa. Na gode masa, na wuce lambu.

Fangalina ya yi kyau a wannan shekara. Amma duk lokacin da na ɗaga kai daga jigo sai in hango shingen tsohon falke, ya yi kauri ya ninka na da, fure ruwan ɗorawa tun daga gaɓa har bakin hanya. Na san duk wahalar nan ta shekara ɗaya ce. Kogi zai cika ya sake kawo mini.

Na je na same shi a inuwar rumfarsa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Na ba shi labarin kaji, da ƙafafun matata, da alkamar da aka mayar mini.

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, ɗana. Amma ni ban ce kowa ya ci ba. Magani ne na shafawa."

"Baba, ba mu muka zuba shi a abinci ba, kogi ne ya kawo. Ka bar ni in sare kafin ya yi kwanso. Ni zan yi maka wani shingen."

"Ka san daga inda na ɗauko shi? Ka san abin da na taka kafin in kawo shi nan? Mutane nawa suka zo ƙofata da gyambo suka tafi suna godiya?"

"Ka bar kaɗan a cikin gida, inda ruwa ba ya kaiwa."

Ya gyara zama ya ce, "A lambuna yake. Ban shiga naka ba, kada ka shiga nawa."

Na koma har sau da dama, maganar ba ta sauya ba. Na roƙi Baffa ya yi masa magana irin ta manya, ya ce shi ya riga ya faɗi tasa tun a zaure. Fure kuwa ya fara zuba, kwanso ya fara kumbura. Ina gani kullum.

Saran shingensa da na yi, ban yi shi a ɓoye ba, wannan nake so a sani. Da hantsi na tafi, mata na wanki a gaɓa, masunta na shanya koma. Na sa rigar hannuna, na fara daga bakin ruwa, ina sara ƙasa da wuya ina tarawa. Wani ya ruga ya gaya wa tsohon falke. Ya zo yana dogara sanda, yana kiran sunan mahaifina, yana cewa da yana raye da ban yi haka ba. Wannan ta soke ni fiye da ƙayar, amma ban ɗaga kai ba. Ya ɗaga sandar ya sauke mini a gadon baya. Na ce, "Ƙara, Baba," na ci gaba da sara. Bai ƙara ba. Ya zauna a ƙasa yana kallo har na kai bakin hanya na cinna wuta.

Kashegari aka kira ni gaban bulama, a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Gari ya taru. Tsoho ya faɗi nasa. Na faɗi nawa. Bulama ya juya ga Baffa ya ce, "Kai ka aike shi?"

Baffa ya ce, "Ban aike shi ba, Allah ya ba ka nasara. Amma abin da ya faɗa game da kaji da matarsa, a gidana aka yi, na gani."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bulama ya yi shawara da dattawa, sannan ya yanke: in yi wa tsoho sabon shinge da ƙayar magarya, in kuma ja masa jigo har ya cire albasarsa. Tsoho ya shuka maganinsa a cikin gida, ba a gaɓa ba. Sannan in durƙusa in ce na yi kuskure.

Na durƙusa. Na ce, "Allah ya ba ka nasara, shinge zan yi, jigo zan ja. Baba, na ɓata maka rai, kai kuwa sa'an mahaifina ne, ka yafe mini wannan. Amma in ce saran kuskure ne, bakina ba zai iya ba. In ya sake tsirowa a gaɓar nan gobe, gobe zan sake sarewa."

Wurin ya kaure da salati. Bulama ya daka mini tsawa ya ce in maimaita abin da aka ce in faɗa. Na sunkuyar da kai na ƙi maimaitawa. Aka jira, aka gaji da jira. Daga ƙarshe ya ce in tashi in ba shi wuri, ya ƙara mini da gyaran hanyar mashaya ni kaɗai.

Da muka koma gida Baffa ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Wanda ya iya mayar wa bulama magana ya isa riƙe gida. Daga yau ka ci gashin kanka. Lambun ubanka ne, ɗauki." Ya sa aka auna mini hatsi daga rumbu, aka ja danga tsakanin ɗakina da sauran gida.

Wannan rani mun ji jiki. Ina jan jigo biyu, nasa da nawa. Tsoho yakan zauna a rumfarsa yana kallona, in na yi sallama ya amsa, daga nan ba ƙari. Har ya koma ga Allah bai sake yi mini hira ba, kuma na yi kewar hirarsa. Hatsin da aka ba mu bai kai mu ko'ina ba, muka haɗa da kifi da 'ya'yan bado. Alkamata, da yake ta makara, zafi ya tarar da ita tana ɗaukar ido, ba ta yi auki ba. Amma da matata ta tankaɗe ta a rariya ta wanke, babu baƙi ko ɗaya a ƙasan ƙwarya. Mun yi tuwo da ita a ranar, muka aika wa Baffa da akushi. Akushin ya dawo a wanke, babu saƙo.

Ba zan ce na ga bayan haƙorin kada ba. Ya riga ya shiga ƙasa. Wanda ya zube tun shekarun baya yana kwance cikin laka, kowace shekara wani ya farka. Jakai sun kai shi bakin hanyoyi, yana nan a juji da kufai har ƙofar birni. Maƙwabta na gaɓa, wasu sun bar lambunansu sun koma sana'ar su. Wasu kuma na wayi gari na gan su suna shayar da fangali babu iri. Abin da na iya shi ne na hana shi yin kwanso a inda ƙafata ke takawa, kuma na hana.

Bayan na fara furfura aka yi wata babbar ambaliya, kogi ya fasa gaɓa ya sauya hanya. Da ruwa ya janye sai muka tarar ya bar lanƙwasarmu, ya koma can gabas. Lambun ya zama tudun yashi, guga ba ya kaiwa ko da an ƙara igiya. Wannan kam babu wanda zan yi wa gardama. Na tumɓuke sandunan jigo na ɗora a kai, matata na biye da ni da guga da fartanya, muka bi sabuwar gaɓa muna neman inda laka ta kwanta. Muka sami wuri mai kyau ƙasa da wata giginya. Ina auna inda zan kafa sanda sai na ga ta tsuguna ta tsinki wani ɗan ganye da farce. Ta ɗago yatsan ta nuna mini, ga ruwan ɗorawa a farcen.

Ta ce, "Ya riga mu zuwa."

Na sauke sandunan na ce, "To, shi za a fara ba wa ruwa." Muka haƙa ramin jigo kafin azahar.